Yadda Ake Ziyartar Gandun Tarihi na Jean Lafitte a Luwiziyana: Fadamar Kadoji da Ƙasar Kejun

Wanda ya ji an ce "gandun tarihi na ƙasa" zai ɗauka wuri guda ne mai ƙofa ɗaya, irin Yankari, inda za ka biya kuɗi ka shiga. Gandun Jean Lafitte da ke jihar Luwiziyana a kudancin Amurka ba haka yake ba. Wurare shida ne a warwatse, tsakanin na farko da na ƙarshe tafiyar kusan awa uku ce a mota. Gwamnatin tarayya ce ta kafa shi a 1978, kuma shiga kyauta ne a dukkansu. Guda uku na mutanen Kejun ne, zuriyar Faransawan da aka koro daga Kanada (a allo za ka ga an rubuta Cajun), a garuruwan Thibodaux da Lafayette da Eunice. Ɗaya fadama ce mai suna Barataria. Ɗaya fagen yaƙi ne a Chalmette. Na shida ofishin karɓar baƙi ne a tsohuwar unguwar Faransawa ta birnin New Orleans.

Shawarata tun daga farko ita ce ka fara da ruwan kafin mutanen. Abincin Kejun da kiɗansu da jiragensu da irin ginin gidajensu, duk fadama ce ta haife su. In ka shiga gidajen tarihin ba ka taka fadamar ba, hotuna kawai za ka kalla ka fito.

Kafin ka ɗaga ƙafa

In daga gida za ka taso, maganar biza ce a gaba da komai, kuma dokokin shiga Amurka ga 'yan ƙasashenmu sun sha canzawa a 'yan shekarun nan. Kada ka sayi tikiti sai ka ji ta bakin ofishin jakadancin. Wanda kuwa yake can da ma, ɗalibi ne ko mazaunin Houston, abin ya zo masa da sauƙi: daga Houston zuwa Lafayette awa uku da rabi ne a kan babbar hanyar I-10. Mai zuwa ta sama zai sauka a filin jirgin Louis Armstrong na New Orleans.

Sai zaɓen lokaci. Daga Yuni zuwa Satumba zafi ne mai laima, wanda gumi ke zubo maka bai bushewa. Mu da muka saba da zafin bazara muna ɗauka ba abin da zai ba mu mamaki, amma namu zafin busasshe ne, ka shiga inuwa ka samu sa'ida. Na can har cikin inuwa yake binka, ga sauro kamar an yi kiransu. Ƙari a kan haka, daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba lokacin mahaukaciyar guguwar teku ne, kuma ta fi ƙarfi a Agusta da Satumba. Mafi kyau ka je tsakanin Maris da farkon Mayu, lokacin da furanni suka buɗe, kadoji suka fito shan hantsi. Oktoba da Nuwamba ma ba laifi. A tsakiyar hunturu babu sauro sosai, sai dai kadojin sukan lafe, kana iya gama yawonka ba ka ga ko ɗaya ba.

Ana saura kwana biyu ko uku tafiya, ka buɗe shafin hukumar gandayen ƙasa ta Amurka, nps.gov, ka nemi Jean Lafitte. Wannan matakin kada ka tsallake shi. Ba kowace cibiya ke buɗewa kullum ba, wasu suna hutu a farkon mako, ana rufewa ranar bikin Mardi Gras da wasu ranakun hutun gwamnati, kuma guguwar Ida ta Agustan 2021 ta lalata gadojin katako da dama a Barataria, aka shiga gyara na dogon lokaci. A shafin za ka ga hanyar da ke buɗe da wadda ke rufe a wannan makon.

Ka ɗauki hayar mota. A hannun dama ake tuƙi, kamar yadda muka saba. Motar haya ta manhajar waya za ta iya kai ka Barataria, amma samun wadda za ta dawo da kai daga bakin daji wani aiki ne daban. Ka ware kwana uku. In guda ɗaya kake da shi, to Barataria da Chalmette sun ishe ka.

A jakarka ka sa maganin sauro na shafawa, da gorar ruwa babba, da hula mai baki, da riga mai dogon hannu marar nauyi, da rufaffen takalmi. Silifa ba ta da wuri a nan. Ka ɗauki darduma ƙarama, ka kuma tuna cewa alƙibla a Luwiziyana arewa maso gabas take. Akwai masallatai a New Orleans da kewayenta da kuma Lafayette, amma a ƙananan garuruwa sai dai ka nemi gefe mai tsabta ka shimfiɗa.

Rana ta farko: Barataria

Daga tsakiyar New Orleans za ka haye kogin Misisipi zuwa Marrero, ka bi titin Barataria Boulevard, wato hanya mai lamba 45, ka yi kudu. Kimanin kilomita 27 ne, rabin awa in hanya ba cunkoso. Ka yi sammako, domin da safe tsuntsaye suka fi motsi, kuma ana kulle ƙofofin wurin ajiye motoci da yamma.

Ka fara shiga ofishin baƙi. Karɓi taswira, cika gorarka, ka shiga banɗaki, sannan ka tambayi ma'aikacin gandun inda aka ga kada a ranar da kuma ko akwai zagayen da jami'i zai jagoranta. In akwai, ka bi su. Idonsu ya saba, za su nuna maka maciji a kan reshen da ka wuce ba ka lura ba.

Faɗin wurin ya kai eka 26,000, amma abin da za ka taka bai fi 'yan kilomitoci ba. In hanyar Bayou Coquille a buɗe take, da ita za ka fara, ka haɗa da Marsh Overlook da ke ci gaba daga ƙarshenta. Zuwa da dawowa bai wuce kilomita uku ba. Kalmar bayou za ka yi ta jinta a duk tafiyar: rafi ne mai kwantaccen ruwa, wanda sai ka jefa ganye kafin ka gane inda yake gangarawa. Coquille kuwa ɓawon katantanwar ruwa ne da Faransanci, domin a bakin hanyar akwai tudun ɓawo da asalin mutanen ƙasar suka tara tun ɗaruruwan shekaru kafin zuwan Turawa.

Abin da nake so ka lura da shi a wannan hanya shi ne yadda ƙasa ke sauka ƙarƙashin ƙafarka, kaɗan-kaɗan, har ba ka ji. A farko kana kan tudu, manyan itatuwan oak sun yi maka rumfa. Bayan 'yan mintoci sai ka ga wani ɗan gajeren itace mai ganye kamar kaba ya cika ko'ina. Ka ƙara gaba, ƙasa ta ƙare, gadar katako ta karɓe ka, ruwa baƙi ƙirin a dama da hagu. A nan itatuwan cypress suke tsaye cikin ruwa, gindinsu ya buɗe kamar bakin tulu da aka kife, saiwoyinsu sun tsattsago sama kamar turaku, wani farin gansakuka kuma ya zubo daga rassansu kamar gemun dattijo. A ƙarshe itatuwan su ma su ƙare, sai fili fetal na ciyawa har iyakar gani. Duk wannan bambanci, tazarar tsayin ƙasar ba ta wuce taku kaɗan ba. Wannan ciyawar ta ƙarshe ma ba a kan ƙasa take ba. Tabarma ce ta saiwoyi da ruɓaɓɓen ganye da ke yawo a saman ruwa, mutanen wurin suna ce mata flotant.

Kadan farko da na gani, na ɗauka guntun icce ne. Sai da na tsaya shiru na kusan minti guda kafin na ga ƙwayar idon ta motsa, kainuwa ta manne masa a ka kamar hula. Haka ake neman su: ka bar duban jiki, ka nemi ƙulu biyu na ido da ɗaya na hanci a saman ruwa. Wani lokaci kada yakan hau gefen hanya ya baje. In haka ta faru, ka tsaya nesa, ka jira ko ka juya. Kada ka jefa masa abinci, doka ta hana, kuma kadan da ya saba karɓa daga hannun mutane ƙarshensa a kashe shi. In ka ga 'yan ƙanana masu ratsin rawaya, uwar tana kusa. Yaro kuwa a riƙe hannunsa, domin wasu gadojin ba su da makari a gefe. Akwai macizai masu dafi, musamman wani mai farin cikin baki da ake kira cottonmouth, saboda haka kada ka sauka daga hanya, kada ka tura hannu inda idonka bai gani.

Ka kuma dubi Kenta Canal da za ka tarar a hanyar, mashigin ruwa miƙaƙƙe kamar an ja shi da igiya. Hannun mutum ne ya haƙa shi, an yi noman rake a yankin, daga baya aka riƙa jan gungumen cypress ta cikinsa. Daga nan za ka fara fahimtar ciwon da ke cin wannan ƙasa. Tun daga shekarun 1930 Luwiziyana ta rasa fiye da murabba'in kilomita 5,000 na gaɓarta, ruwa ya cinye. Dalilin a fili yake. Da can Misisipi yana ambaliya kowace shekara yana zuba sabuwar laka. Bayan babbar ambaliyar 1927 aka ɗaure shi da jinga mai tsayi, lakar ta koma zubewa cikin teku, ƙasar kuwa tana nitsewa ba mai ƙara mata. Kamfanonin mai da gas suka tsaga fadamar da hanyoyin ruwa, ruwan gishiri ya biyo ya kashe ciyawa. Ga kuma nutria, wata dabba mai kama da ƙatuwar gafiya da aka kawo daga Kudancin Amurka saboda fatarta, tana cinye saiwoyi. Wanda ya san abin da ya samu fadamar Haɗeja da Nguru bayan an gina madatsun Tiga da Challawa, yadda ambaliya ta ragu kachala ta toshe magudanai, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Kogi in ka hana shi fita inda ya saba, mutanen ƙasa da shi ne ke biya.

Mai sunan, da fagen yaƙin

Da rana ka koma ka nufi Chalmette, kimanin kilomita goma daga tsakiyar birni. A wannan fili ne ranar 8 ga Janairun 1815 rundunar Janar Andrew Jackson ta karya sojojin Ingila. Ingila ta yi asarar mutum kusan 2,000 tsakanin matattu da masu rauni da kamammu, har da kwamandanta Pakenham, asarar Amurka kuwa ba ta kai mutum ɗari ba. Jean Lafitte ɗan fashin teku ne kuma ɗan sumoga da ke da sansani a Barataria. Turawan Ingila sun nemi ya bi su, ya ƙi, mutanensa suka taimaka wa Jackson da harba igwa, aka yafe musu laifuffukansu.

Zai yi wuya in rubuta sunansa ban faɗi ɗaya gefen ba. Cikin hajar da yake sumogarta har da mutane. Amurka ta hana shigo da bayi daga 1808, shi kuwa ya ci gaba da shigo da 'yan Afirka ta waɗannan rafuffukan yana sayarwa. A kundin da masaniyar tarihi Gwendolyn Midlo Hall ta tattara daga tsoffin takardun Luwiziyana, akwai bayin da aka rubuta ƙabilarsu Hausa. Ka riƙe wannan a zuciyarka lokacin da kake kallon ruwan.

A Chalmette ka tambayi labarin Fazendeville, ƙauyen baƙaƙen fata da aka kafa a kan filin bayan yaƙin basasar Amurka, aka tashe su a shekarun 1960 don a faɗaɗa wurin tarihin. Kusa da nan akwai maƙabartar sojoji da aka buɗe a 1864. Awa ɗaya da rabi ta isa.

Rana ta biyu: Thibodaux, da su wane ne Kejun

Thibodaux na da nisan kusan kilomita 100 kudu maso yamma da New Orleans, cikin gonakin rake. "Tibodo" ake faɗa. Cibiyar tana bakin Bayou Lafourche, ita ce ke ba da labarin Kejun na ruwa: masunta, masu tarkon dabbobi, masu sassaƙa pirogue, wani siririn kwale-kwale da ke wucewa ko a ruwan da bai kai gwiwa ba. Ka tambaya ko akwai fita a jirgi cikin rafin, domin a wasu watanni ake yi, kuma ana so ka kama gurbi tun da wuri. Ka tambayi ranar da makaɗa ke taruwa.

Asalinsu Faransawa ne da suka zauna a gabashin Kanada tun farkon shekarun 1600, a ƙasar da suka kira Acadie. Yankin ya faɗa hannun Ingila a 1713. A 1755 aka kore su saboda sun ƙi yin mubaya'a ba sharaɗi ga Sarkin Ingila. Aka ƙone gidajensu, aka loda su a jirage, aka raba iyalai, dubbai suka mutu a hanya. A 1765 Joseph Broussard, wanda ake wa laƙabi da Beausoleil, ya iso Luwiziyana da mutum kusan 200. A 1785 jirage bakwai suka kawo wasu kimanin 1,600 daga Faransa, lokacin Sifaniya ce ke mulkin ƙasar. Acadien, wato ɗan Acadie, ya zama Cadien, ya koma Cajun a bakin masu Ingilishi. Ba su kaɗai suka gina al'adar ba. Sun koyi zaman fadama daga ƙabilun asali irin su Chitimacha da Houma, sun cuɗanya da 'yan Afirka da Sifaniyawa da Jamusawa. Kada ka kira kowa Kejun. Akwai Creole, waɗanda da yawansu baƙaƙen fata ne masu jin Faransanci, kuma suna son a kira su da sunansu.

Maganar ciki

A nan Musulmi ke buƙatar buɗe ido, domin naman alade ya shiga kusan kowace tukunya ba tare da sunansa ya fito ba. Ka haddace kalmomi huɗu: andouille, boudin, tasso, cracklins. Duka alade ne, sai in an faɗa maka akasin haka ƙarara. Wake da shinkafarsu ma da shi ake dafawa. Ko miyar da aka ce ta kifi ce, ka tambaya ko an yanka tsiran alade a ciki, ko an zuba giya.

Abin da ya rage maka yana da yawa: soyayyen tarwaɗa, jatan lande, ƙaguwa, da crawfish, wani ɗan jan ƙwaron ruwa da ake dafawa da barkono da masara da dankali a juye a kan tebur, kowa ya sa hannu. Kakarsa daga ƙarshen hunturu zuwa farkon Yuni. Gumbo kuwa, in ka samu marar alade, ka ci. Sunan daga Afirka ya fito, kuma ɗan Nijar ya san gombo kuɓewa ce. Da kuɓewa ake kaurara ta, ko da garin ganyen sassafras da suke kira filé, wanda aikinsa a tukunya aikin kuka ne. Jambalaya 'yar'uwar dafa-duka ce. A gidan abincin da aka kawo maka har tebur, ana barin kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na kuɗin a matsayin tukuici, kuma ma'aikatan da shi suka dogara.

Da yamma ka kama hanyar 90 zuwa Lafayette, kusan awa biyu, ka kwana can.

Rana ta uku: Lafayette da Eunice

Cibiyar Lafayette tana kusa da Bayou Vermilion. Ka nemi a nuna maka fim ɗin korar 1755 kafin ka zaga ɗakunan. Dab da ita akwai Vermilionville, ƙauyen tsoffin gidaje da masu sana'ar hannu. Ba na gandun ba ne, ana biyan kuɗin shiga, amma ya cancanci awa biyu.

A cibiyar, sashen da ya fi tsaya mini a rai shi ne na harshe. Kundin tsarin mulkin jihar na 1921 ya sa Ingilishi ya zama harshen makaranta. Yaran da suka taso ba su jin komai sai Faransanci aka riƙa dukansu, wasu a sa su durƙusa a kan ƙwayar masara. Da suka girma suka ƙi koya wa 'ya'yansu don kada su sha irin wuyar. Cikin tsara biyu harshen ya kusa tafiya. Sai a 1968 jihar ta kafa hukumar CODOFIL don farfaɗo da shi, yanzu akwai makarantun da ake koyar da yara da Faransanci. Duk wanda aka taɓa hukuntawa a aji saboda ya yi Hausa zai tsaya a wannan sashe ya daɗe. In kana jin Faransanci, ka gwada shi a kan dattawa. Ka ce "Comment ça va?" ka ga yadda fuskarsu za ta sake.

Eunice na arewa maso yamma, kimanin kilomita 65. Nan babu fadama, fili ne shimfiɗaɗɗe na shinkafa da shanu, kuma a gonakin shinkafar ake kiwon crawfish bayan girbi. Ka tabbatar cibiyar a buɗe take kafin ka taso. Ka daidaita zuwanka ya faɗo ranar Asabar, domin da safiyar Asabar makaɗa ke taruwa a shagon Savoy Music Center da ke bakin garin, inda Marc Savoy ya shafe shekaru yana ƙera akodiyan, abin kiɗa mai zugazugi, da hannu. Kayan kiɗan Kejun uku ne a asali: akodiyan, da goge irin na Turawa, da ɗan ƙarfe mai kusurwa uku da suke kira 'tit fer. Mawaƙin yakan ɗaga murya sama kamar mai kira daga tsallaken kogi. Na Creole shi ne zydeco, da allon ƙarfe da ake ratayawa a ƙirji ana gogawa. Ka zauna a gefe, ka nemi izini kafin ka ɗauki bidiyon mutum.

Wajen komawa New Orleans ka bi I-10 daga Lafayette, kimanin kilomita 215. Ka sha mai tun kafin ka hau gadar Atchafalaya, domin tsawonta ya kai kilomita 29 a kan fadamar kogi mafi girma a Amurka, kuma in hatsari ya tare hanya sai a yi awanni a tsaye. Ana sa ido sosai a kan gudu a wurin, iyakarsa mil 60 a awa. A kan gadar akwai mafita zuwa Butte La Rose, inda jihar ta gina wurin hutawar matafiya mai banɗaki da ruwa da fili mai inuwa. In ka bar Eunice bayan azahar, la'asar za ta same ka a nan.